Siririn Littafin Maƙabarta

A gafarce ni tun kafin a fara. Ban taɓa rubuta labari ba, na mutane kawai na saba karantawa a lungu, kuma a ƙauyenmu na kudu da birnin Gabis yarinya mai yawan rubutu ba a cika sakin jiki da ita ba. In an ga tuntuɓe a ciki, a ɗauke kai. Wadda abin ya faru da ita zan kira ta Sundus.

Littattafai biyu ne a kan kantar ɗakin mahaifinta, ƙarƙashin ƙusar da ake rataye makullin maƙabarta. Ɗaya kore ne, mai kauri da bangon fata. Ɗayan siriri, irin na 'yan makaranta, an ɗaure shi da zare. Tun kakan kakanta gidansu ke riƙe da makullin, kuma tun da idon mahaifinta Munsif ya fara rauni shekara uku da suka wuce, Sundus ce ke rubuta sunan duk wanda aka binne.

Da hantsi aka aiko cewa Dada Kadra ta cika. Sundus ta yi salati, ta gyara tabarau, hannunta ya tafi da kansa ya ɗauko siririn. Buɗe alƙalaminta ke da wuya ta ji wani sauti daga tsakar gida da ba ta taɓa ji ba. Mahaifinta ne ke kuka. Dada Kadra ce ta shayar da shi shekara biyu cur lokacin da nonon mahaifiyarsa ya ƙafe, kuma har ya yi furfura ita kaɗai ke iya ja masa kunne a gaban mutane.

Sundus ta dubi abin da ke hannunta. Ba wanda ya taɓa zaunar da ita ya ce farar fata a kore, baƙar fata a siriri. Hannun ne ya koya shi kaɗai. A bangon, da rubutun kakanta da ya koɗe, an sa: Sunayen bayin gida.

"Baba, a ina za a sa ta?"

"A ina kuwa? Bayan katangar da ta raba maƙabarta, wajen nasu."

"Uwarka ce fa."

Ya daɗe yana murza hularsa. Can ya ce, "Je ki gaya wa Galiya na ba Dada wuri kusa da mahaifiyata. Baffanki Lutfi zai yi ta kumfar baki, ni zan ji da shi."

Kamar ta tashi sama don murna. Ta tsallaka kwarin da ya raba unguwarsu da ta su Dada tana ta bitar yadda za ta faɗi albishirin. A gidan makokin mata sun cika tabarmi. Tana shiga wata ta ruga ta kawo kujera, sai da Sundus ta zauna ta lura ita kaɗai ce a sama, kowa yana ƙasa, har da tsofaffin da suka yi jika da ita.

Galiya, babbar 'yar Dada, ma'aikaciyar jinya ce a birni. Ta naɗe hannun riga tana murza kuskus a faranti, idonta jajur. Ta saurari saƙon har ƙarshe ba ta ɗago ba.

"Madalla. Ashe nono yana sayen kabari," in ji ta. "To ubana fa, da ya shekara arba'in yana kaɗe muku zaitun? Allah bai ba shi nono ba, bawan Allah." Wasu mata suka yi dariya cikin hawaye. "Ni kuma ban shayar da ɗan kowa ba, allura kawai nake soka wa mutane. In na mutu ina za ku kai ni?"

"Galiya, ni na ɗauka za ku..."

"Galiya! Ku ji mini yarinya. Nono ɗaya muka sha da ubanki, na girme shi da wata huɗu, amma bakinki bai taɓa kuskurewa ya ce Goggo ba."

Sundus ta sauka daga kujerar ta durƙusa a bakin tabarma, ta rasa inda za ta sa hannuwanta.

Galiya ta ture farantin. Muryarta ta sauka. "Inna kusa da mijinta za ta kwanta, ita ta faɗa. Ba alfarma muke roƙo ba. Abin da muke so gidanku ya sani. Makararmu ta shiga ta ƙofa kamar ta kowa, a daina zagayawa da ita ta kwari ana zamewa a kan tsakuwa. Bara saura kaɗan a zubar da gawar kawuna a gangare. Famfo yana cikin ɓangarenku, inuwa tana cikin naku, namu awaki ke kiwo a kai. Katangar nan taku ce, a filinku take, kakanku ya gina. Sau huɗu muna kai takardar koke. Ta ƙarshen, ina tsaye baffanki ya ɗora butar shayi a kanta."

"Ban sani ba."

"Ke ce mai rubutun, 'yar nan. Me kika sani?"

Sundus ta miƙe da ƙyar. "Na ji, Goggo."

"Kada ya tsaya a baki," Galiya ta ce, ta jawo farantinta.

A gida ta tarar Baffa Lutfi, ƙanen mahaifinta, ya riga ya iso, ya harɗe a kan darduma da kofin shayi. Ta maimaita maganar Galiya ba ta rage ko kalma ba, tana kallon yatsun ƙafarta.

"Ga malama mai ido huɗu!" in ji Lutfi. "An gama gyara masu rai, an koma kan matattu. Mu da mutanen nan lafiya lau muke. Wa ya taɓa zaginsu? Bikinmu nasu ne, kuskus ɗinmu suke ci."

"Kai ka taɓa cin nasu, Baffa?"

Ya ajiye kofin da ƙarfi har shayin ya fantsama. Bai ko dube ta ba, ya juya ga wansa. "Yaya, kabarin da ka ba ta na haƙura, don darajar nono. Amma ka taɓa dutse ɗaya a katangar Kaka, wallahi mu raba gonar zaitun, kuma ka nemi wanda zai kama maka makara ran da taka ta zo."

Munsif ya sunkuyar da kai. Su biyu kaɗai uwarsu ta bari, tare suke buɗe-baki kowane azumi tun suna yara. "A binne ta tukuna," ya ce a hankali. "Daga baya a zauna."

Sundus ta san wannan daga-bayan. Shi ne ke ƙarƙashin butar shayi.

Ta shige ɗaki ta turo ƙofa. Ta sauko da koren littafin, ta buɗe inda aka tsaya. Ta share tafin hannunta a zane sau biyu, ta rubuta. Da ta gama ba ta rufe ba. Ta kwance zaren siririn, ta koma shafinsa na farko, ta shiga kwafe sunayen ɗaya bayan ɗaya. Yawancinsu ba sunan uba, sai "baiwar gidan wane", "bawan gidan wane". Ta riƙa rubuta sunan mutum kawai, ta bar fili a gabansa don ta tambayi jikokinsa.

Bayan azahar mahaifinta ya shigo. Ya tsaya a kanta yana ƙanƙance ido, bai iya ganin komai sai baƙi-baƙi a kan fari.

"Wane littafi ne wannan?"

"Koren ne, Baba."

"Karanta mini."

"Kadra 'yar Sa'ad, matar Mas'ud. Uwar Galiya da Bilgasim." Ta ja numfashi. "Da Munsif, ta hanyar shayarwa."

Ya matso da fuskarsa kusa da shafin.

"Da tawada?"

"Da tawada. Ba ta goguwa, sai dai a yage shafin." Ta juya takardar ta nuna masa da yatsa. "Kuma a bayansa sunan mahaifiyarka yake."

Ya kai hannu ya shafa takardar, gaba da baya, kamar mai shafa kan jariri. Uwarsa a wannan fuska, uwarsa a waccan. Ya cire makulli daga ƙusa. A bakin ƙofa ya tsaya ya ce, "Ina digar nan da muka yi aikin rijiya da ita?"

Mata ba sa zuwa binnewa a garinmu. Don haka da la'asar Sundus ta lulluɓe kanta ta bi ta bayan gonaki, ta laɓe jikin wani tsohon itacen zaitun da ke kallon maƙabartar. Daga nan tana ganin komai: fararen kaburburan da aka shafe da farar ƙasa a wannan gefe, tsibin duwatsu da ƙaya a wancan, katanga a tsakiya. Mahaifinta na dukan katangar, rigarsa ta jiƙe sharkaf, Bilgasim ɗan Dada yana janye duwatsun da suka faɗo.

"Munsif, lallashinta kake yi ko rushe ta?" Bilgasim ya ce. "Kawo nan. Hannun makulli ba na diga ba ne."

"Ba zan ba ka ba. Kakana ya ɗora, ni zan sauke."

"To ka riƙe ta daga ƙasa, kada ka sare ƙafarka mu binne mutum biyu."

Samari biyu daga unguwar su Sundus suka tuɓe takalma suka shiga kwasar duwatsu. Sauran dattawan suka tsaya nesa, hannu a baya, kowa na nazarin ƙasa. Baffa Lutfi yana bakin ƙofa lokacin da makarar ta iso. Bai tare hanya ba, bai kuma sa kafaɗa ba. Ya dubi wansa, dogon kallo, ya kaɗe rigarsa ya nufi gari shi kaɗai. Munsif ya bi bayansa da ido har ya sha kwana, sannan ya jingine digar ya je ya kama gaban makarar da hannunsa da ya saɓule.

Dada Kadra ta shiga ta ƙofa. Ta wuce famfo, ta wuce inuwar, ta wuce kabarin matar da ta taya shayarwa, ta bi ta giɓin da bai fi faɗin kafaɗun mutum biyu ba, aka kwantar da ita kusa da mijinta.

Da aka shafa addu'a, Bilgasim ya dubi sauran katangar da ta miƙe har bakin kwari, taku sittin ko fiye.

"Wannan fa?"

"Jumma'a, in an sauko daga masallaci," in ji Munsif.

"Ka zo da safar hannu."

Mutane suka fara juyowa wajen ƙofa. Sundus ta ja mayafinta ta rufe yatsunta da suka ɓaci da tawada, ta sulale ta bayan itatuwa tun kafin wani ya ɗago kai. Shafi uku kawai ta kwafe. Saura talatin da ɗaya.