Ashanar Baba a Tashar Abbasiyya

Ni dai tun da safe na ce mu shiga metro, Baba ya ce Allah ya kiyaye. Metro shi ne jirgin da ke bi ta ƙarƙashin Alƙahira, kuma a shekarar, 2012, aka buɗe sabon layinsa a Abbasiyya, unguwar da nake zaune ina karatu a jami'ar Azhar.

Baba kuwa, Malam Gidaɗo, shekara arba'in ya yi yana haƙa rijiya a ƙasar Gumel. Yanar ido ta rufe masa gani, inuwa kawai yake gani. Likitan da zai yi masa aiki a unguwar Muhandisin ya ba mu ƙarfe goma sha ɗaya, kuma sakatariyarsa ta gaya mini ƙiri-ƙiri cewa washegari zai yi tafiyar wata biyu. Bizar Baba saura kwana goma. In muka rasa yau, da makantarsa zai koma gida.

Ƙarfe goma saura kwata muna cikin tasi, ko Abbasiyyar ba mu bari ba. Direba ya kashe mota ya ce, "Ma'alish, sai haƙuri, an rufe gada." Raina ya ɓaci. Na kama hannun Baba na ja shi har bakin tasha.

Ƙafarsa na taɓa matakala ya toge.

"Mardiya, wannan ai rami ne."

"Rami ne mai jirgi, Baba. Yalla, mu yi sauri, don Allah!"

Bai kula ni ba. Ya laluba aljihu, sai ga kwalin ashana. Ya ƙyasta, ya miƙa hannu ƙasa, ya kawo ɗan yatsa kusa da wutar don ya ji ko tana ci. Haka masu rijiya suke yi, sai sun zura fitila tukuna, in ta mutu babu mai shiga. To amma wannan tashar gwamnati ce, jama'a! Ya sauka taki goma ya sake ƙyastawa. Mutane suna ratsa mu suna waiwaye, ni kuwa kunya kamar in nutse.

A ta uku wani ma'aikacin tasha ya taso da gudu yana ihu, "Mamnu'! An hana!" Wani dattijo ne mai furfura, an rubuta Hussain a ƙirjin rigarsa. Na ce shi ke nan, yau a ofishin 'yan sanda za mu yi azahar. Na shiga yi masa bayani, Larabcina duk ya tarwatse: mahaifina ne, mai haƙa rijiya ne, iska yake gwadawa.

Mutumin ya kalli hannuwan Baba. Sai ya karɓe ashanar, ya riƙe shi a hankali, ya sauko da mu har dandamalin jiran jirgi. Ya ɗaga tafin Baba ya kai saitin wata taga mai raga.

Ya ce, "Ki gaya wa Hajji injina ne suke turo iskar nan daga sama, dare da rana."

Na fassara. Baba ya bar hannunsa a wurin, iska tana kaɗa hannun rigarsa.

"Gaba nawa muka sauko?"

"Ban sani ba, Baba."

"Ya fi goma. Na ƙirga taki." Ya shafa bango, ya shinshina yatsunsa. "Ko danshi babu. Ikon Allah! Su wa suka haƙa?"

Kafin a ba shi amsa wata guguwa ta fito daga bakin ramin, ta kusa tafiya da hularsa, jirgi ya biyo bayanta. Baba ya yi salati da ƙarfi. Da ƙafarsa ya shiga, ban ja shi ba.

A tashar Ataba muka canja jirgi. Wani saurayi ya tashi ya ba shi kujera, kusa da wata mata da jaririnta ke barci a kafaɗa. Da muka wuce tashar Sadat na sunkuya na ce, "Baba, yanzu kogin Nilu yana bisa kanmu."

"Kogin gaba ɗaya?"

"Har da jiragen ruwansa."

Ya ɗaga kai yana sauraro, kamar mai jiran ɗigo. Wallahi ni ma da nake bi ta nan kullum sai da na ɗaga kai na kalli sama. Sai na ga hawaye yana bin gemunsa.

"Kin san baffanki Ya'ƙub?"

"Wanda ya rasu kafin a haife ni."

"A rijiya ya rasu. Gaba tara kacal. Ni nake riƙe da igiya. Ya ce a zura fitila, na ce ana jiranmu a wani aikin, shiga kawai." Ya juya wajen da numfashin jaririn ke fitowa. "Ga jinjiri yana barci a ƙarƙashin kogi."

Tun safe ba abin da nake ce masa sai yalla.

Mun fito a tashar Duƙƙi goma da rabi da 'yan mintuna, muka kama tasi, sha ɗaya saura minti bakwai muna gaban sakatariya. Ta duba agogo, ta duba takarda, ta kira sunansa.

Ma'aikaciyar jinya ta zo ta kama hannunsa. Har sun kai ƙofa ya tsaya ya juyo, bai ma daidaici inda nake ba.

"Mardiya, in Allah ya sa an buɗe idon nan, kada ki ɗauko mini tasi. Ta ramin nan za mu koma. Ina so in ga aikin mutanen nan da idona."