Minti Biyar na Nafisatu

Wata biyu cur Nafisatu ta yi tana warin albasa. Ɗiyar aji uku ce a wata sakandaren Malanville, kuma ita anka zaɓa ta tsaya wa ajinsu a gasar kimiyya. Duk wanda ya ci, shi za a kai Kandi ya yi bayani gaban manya. Ita ko baiwar Allah ko garin Gene da ke kusa ba ta taɓa wucewa ba, sai ta ƙwallafa rai a kan Kandi kamar aikin hajji.

Bincikenta ba wani abin tashin hankali ba ne. Ta ɗebo albasa daga gonar babanta a Garu, ta raba kashi biyu. Kashi ɗaya ta yanke ganyen tun ranar da anka haƙe, yadda kowa ke yi. Ɗayan ta bar shi da ganyensa a inuwa kwana goma, har wuyan ya bushe. Duk Juma'a sai ta tsince ruɓaɓɓu ta rubuta. Kashin farko kusan rabi ya ruɓe, na biyu guda bakwai kacal.

Wahalar tana ga lokaci: minti biyar anka ba kowa, ba ƙari. Mushe Salifu, malaminsu na kimiyya, ya riƙe agogo yana datse mata kalmomi kamar mahauci. "Cire wanga! Cire wancan! Ƙararrawa ba ta san ɗiyar kowa ba. Sakamakon kuma ki aje shi ƙarshe, nama ai a ƙasan kwano yake daɗi." Ta haddace da Faransanci, ta karanta wa awaki, ta karanta wa turmi, har ya tsaya minti huɗu da daƙiƙa hamsin daidai.

Abu ɗaya Mushe bai tambaya ba: wa zai riƙe ƙararrawar?

Ran gasa Nafisatu ta hau dandamali da farantan albasarta biyu, sai ga Kawu Bukari, wan mahaifiyarta, a teburin alƙalai. Babban ɗan kasuwar albasa ne, shugaban iyayen yara. Da yake Faransancinsa na duwan ne kawai, wato na ciniki da 'yan kwastan, sai anka damƙa masa agogo da ƙararrawa. Mutum ne mai amana, tana taka dandamali ya danna agogo.

To, wace 'yar halak za ta ga kawunta ta fara zuba Faransanci a tsaye? Gwiwoyinta da kansu sunka kai ƙasa.

"Kawu, ina kwana?"

"A'a, Nafi, ke ce? Lahiya lau. Ina uwarki?"

"Tana lahiya."

"Ƙahwar tata hwa?"

"Da sauƙi, Kawu."

"Madalla. Mutanen Garu? Ruwa ya janye daga shinkahwar babanki?"

Can baya Mushe Salifu yana ta ɗaga hannu kamar mai korar tsuntsaye, zufa na tsiyaya. Ta gan shi sarai. Amma wanda ya gaida babba ɗaya ai ba ya tsallake sauran. Ta gaida daraktan makaranta, ta gaida likitan da ke cikin alƙalan, likitan ma ya san babanta.

Da ta miƙe, ta faɗi sunan bincike, ta nuna faranti na farko, ta kai hannu ga na biyu, sai ƙarrr!

"Doka doka ce, ɗiyata," in ji Kawu, da tausayi a muryarsa.

Abdulwasi'u, wanda ya kunna ɗan ƙwan fitila da lemun tsami bai kuma gaida kowa ba, shi ya ci Kandi. Nafisatu ta sha kukanta a bayan aji, wallahi gwanin ban tausayi.

Bayan la'asar Kawu ya biyo gidansu, ya zauna bisa tabarma yana yi wa ƙanwarsa barka. "Zeinabu, kin yi tarbiyya! Duk cikin yaran nan ita kaɗai ta san manya." Daga nan ya shiga kukan kasuwa. "Bana buhu arba'in sunka ruɓe mini. Kullum boko, boko, amma an rasa ɗa guda da zai gano abin da ke ruɓar da albasa."

Nafisatu na durƙushe da kwanon ruwa. "Kawu, ai ganyen ne, in an bar…"

"Ke!" uwar ta daka mata tsawa. "Manya na magana!"

Kawu ya karɓi ruwan yana murmushi. "Bar ta, Zeinabu. Ai ta yi maganarta da sahe."