Ranar da Umma ta yi wa mesa wanka

Yayana mutum ne mai son abin da kowa ke gudu. Mutane na kiwon mage, shi mesa ya ajiye cikin akwatin gilashi a kusurwar falo. Da aiki ya kai shi wani gari, sai ya bar wa Umma amanarta. Umma kuwa ko sunanta ba ta kamawa, sai dai ta ce "waccan abar".

To amma Umma ba ta ga maciji da datti. Ta leƙa akwatin ta ga jiƙaƙƙiyar ciyawa da wani dutse mai kaushi, ta ce, "Haba, ko dabba ce ai ba a bar ta cikin ƙazanta ba." Ta sa ni na tare mesar da kwali, ta kwashe komai, ta goge gilashin tas, ta shimfiɗa busasshiyar jarida.

Wata safiya ina shan shayi na ji salatinta. Kan mesar ya kumbura suntum, wuyan ma haka, alhali jiya lafiyarta lau.

"Na shiga uku, me zan ce wa yaron nan?" in ji Umma. "Ke, ɗauko rigar matashin kai!"

Da sandar tsintsiya muka lallaɓa ta ciki. A tasi direba ya yi ta satar kallo ta madubi, can ya ce, "Mama, me ke motsi a cinyarki?"

"Mara lafiya ce. Kai dai ja mu je."

Likitar dabbobi, wata doguwar mata mai tabarau, ta shafa wuyan ta nuna mana wani siririn zoben tsohuwar fata da ya nutse cikin nama. "Saɓa ta yi, ba ta fita duka ba, shi ne ya shaƙe ta. Danshi take bukata da abin goga jiki. Babu dutse a akwatin?"

Umma ta kalle ni, na kalli silin.

"Da kun kai gobe, da sai dai wani labarin," in ji likitar. "Mai taimaka min bai zo ba. Wa zai riƙe min kanta a ruwan ɗumi?"

Ban san lokacin da na kai bakin ƙofa ba. Umma ta harare ni, ta naɗe hannun riga, ta yi bisimilla. Ta tallabi kan, tana ɗiban ruwa tana zuba mata a wuya yadda take yi wa jarirai. "Sannu, 'yar nan, sannu. Ni na ja miki." A hankali fatar ta yi laushi, likitar ta zare ta kamar jiƙaƙƙiyar safa. Mesar ta zaro harshe ta taɓa yatsan Umma. Wallahi daɗi ya kama ni har na tafa daga inda nake.

Cikin 'yan kwanaki kumburin ya sace. Dutse da ciyawa suka koma wurinsu, amma wanka bai tsaya ba.

Da Yaya ya dawo ya kama gidan kansa, sai ya zo ɗaukar kayarsa.

"Ina za ka kai ta?"

"Gidana mana, Umma, in hutar da ke."

"Wa ya ce maka na gaji? Ka ma san zafin ruwan da take so?"

Yaya ya tuntsire da dariya. Umma ba ta yi ba.

"Duk kun girma, ba wanda yake bari in yi masa komai. Wannan ce kaɗai in na taɓa ta take kwantar da kai a hannuna. Ka bar min ita."

Yaya ya mayar da murfin akwatin. Yanzu ƙarshen mako yake zuwa ganinta, kuma sai ya wanke hannu da sabulu Umma take barin sa ya ɗauka.