Baƙin Kaka

Alhaji Zakaria mutum ne da ya yi rayuwarsa a kasuwar shanu, amma in ka zauna da shi hirar agwagin ruwa zai yi maka har ka gaji. Tun suna yara a Bawku, shi da ƙaninsa Musah, da kaka ta kama suke zuwa bakin dam su jira waɗansu ƙananan agwagi masu launin ƙasa da ke zuwa daga arewa mai nisa. Ba sa harbi, ba sa ɗana tarko, kallo kawai. Mutanen zango sun yi musu dariya har suka haƙura. Su dai "baƙi" suke kiransu.

Da rikicin Bawku ya tsananta, 'yarsa Shahida ta ɗauko shi zuwa Salaga inda take aure. Musah ya ƙi tashi, ya ce ba ya barin gidan ubansu. Tun daga nan kowace kaka Musah ke kiran waya ya ce baƙi sun sauka, sai Alhaji ya sa a kai shi bakin tafkin bayan gari ya zauna jiran su ƙaraso kudu. Kewar gida tana cinsa, ba ya kuma ɓoyewa. Kullum cewa yake da zarar hanya ta lafa zai koma su yi kallon tare.

Bana kaka ta yi nisa, an gama girbin shinkafa, waya shiru. In ya sa Shahida ta kira, sai ta ce layin ba ya shiga.

Gaskiyar magana, Musah ya rasu tun ƙarshen damina. Dangi suka yi shawara cewa tsohon da hawan jini ya taɓa kayarwa ba a jefa masa irin wannan labari, a bari sai ya yi ƙarfi. Da tambayarsa ta yi yawa, aka kira Azara 'yar Musah, wadda ke aure a Yendi, ta zo ta kwantar masa da hankali. Ta shigo da buhun albasa, ta durƙusa ta gaishe shi, ta ce wayar babanta ce ta faɗa ruwa, amma yana gaisuwa, kuma ya ce a gaya wa Yaya baƙi sun sauka.

Fuskar tsoho ta washe. Ya gyara zama, ya tambayi yawansu, da gefen da suka sauka, da kamanninsu. Nan fa aka zo wurin. Azara, baiwar Allah, agwagwa a wurinta nama ce. Ta laluba abin da ta taɓa gani tana yarinya lokacin da take kai musu abinci bakin dam.

"Ya ce suna da yawa, Baba. Masu farar fuskar nan, masu fito. Sun cika ruwa."

Nan take Alhaji ya gane. Kirinjijiya take nufi, wadda rani da damina tana nan, ko'ina akwai ta, har a tafkin Salaga. Musah ko cikin magagin barci ba zai kira ta baƙuwa ba.

Bai yi faɗa ba. Ya tambaye ta a hankali ranar da aka yi jana'iza. Azara ta rufe fuska da mayafi, Shahida ta fara rantse-rantse, ya ɗaga mata hannu ta yi shiru. Suka gaya masa komai: zazzaɓi ne na kwana kaɗan, an binne shi kusa da mahaifinsu, jama'a sun taru duk da dokar hana fita. Ya yi masa addu'a, ya shafa, ya sa wa Azara albarka saboda wahalar hanya.

Shahida, don ta sami abin faɗa, ta ce direbobi na cewa hanya ta fara kyau, in Allah ya yarda bayan azumi da kanta za ta kai shi Bawku.

Ya girgiza kai.

"Bar shi, 'yata. In na je, wa zan tarar?"