Amsar da Ke Fitowa Daga Bututu

Palwasha tana ɗaure na'urar ɗaukar sauti a bakin bututun iska, tsoho Sherzada na tsaye a kanta da dutse a hannu. Tun da ramin haƙar kwal ɗin nan na garin Duki ya rufta da ɗansa Bakht Zamin, bawan Allah bai gusa daga wurin ba. In ya ƙwanƙwasa bututun, can ƙasa sai a ji an amsa. Har shayi ya raba wa mutane don murna.

Shugaban masu ceto dai ya ƙi tura yaransa cikin iskar guba sai ya tabbatar akwai mai rai. Shi ya sa aka ɗauko Palwasha daga jami'a a birnin Kwetta. Aikinta ke nan: ta tace hayaniya, ta gano abin da ke ƙarƙashinta.

Hayaniya kuwa ba a magana. Ga janareto, ga motocin kwal, ga 'yan kallo. Ta ce wa tsohon ya buga, ya buga. A fuskar kwamfutarta ta ware kowace ƙara da muryarta da lokacinta, ta cire gurnanin janareto, ta cire na motoci, har saura amsar ita kaɗai. Ta sa shi ya sauya bugu, sauri-sauri, sannan a hankali. Duk yadda ya buga, haka take dawowa, jinkirin bai taɓa canzawa ba. Hannun mutum ba ya haka, balle wanda ya galabaita. Bugunsa ne ke kaiwa inda ƙasa ta toshe bututun, ya juyo.

Wallahi ta so a ce na'urar ce ta lalace. Ta sake gwadawa har kunya ta kama ta, sannan ta je ta faɗa wa shugaban a gefe. Ya cire hularsa, ya ce a kashe janareto.

Tsohon ya ga an fara naɗe igiyoyi. Ya matso.

"'Yata, me ya ce?"

"Baba, ba shi ba ne. Bugunka ne ke dawo maka."

Ya daɗe yana kallon bututun.

"To in na daina fa?"

"Shiru za ka ji, Baba."

Ya gyara mayafinsa, ya tsuguna, ya ci gaba da bugawa.