Almakashin Kawu Lado

Ranar da Musaddiq ya fara ganinsu a kududdufin bayan gonar Kawu Lado, kan hanyar Aujara, su goma sha ɗaya ne, suna bin uwarsu a jere. Kirinjijiya ce, agwagwar dajin nan mai farar fuska. Tun daga ranar, kullum zai tafi gona sai ya ratse ya ƙirga su.

Shirwa ta sure biyu a kan idonsa. Guza ya ci rabonsa. Wasu kuwa sai dai a wayi gari babu su. Kafin gero ya nuna saura huɗu, su ma don gambar bakin ruwa tana ɓoye su ne. Gashin fiffike ya soma tsawo. A lissafinsa, nan da kwana goma za su tashi, su fi ƙarfin guza.

Sai ya ji Kawu zai yanke gambar ya saƙa zana. Ya je ya durƙusa, ya roƙe shi ya jinkirta. Kawu ya yi dariya, ya ce bai taɓa ganin mai gadin agwagin Allah ba, amma ya kwantar da hankalinsa, shi ya san dabara.

Washegari da la'asar Musaddiq ya dawo ya tarar da kwando a kife a tsakar gidansu, Kawu ya zo yana zaune gefe yana murmushi. An yanke gamba tas, an sa komar kamun kifi an kamo su.

"Ga 'ya'yanka nan, sarkin agwagi," in ji Kawu. "Har fiffike na rage musu da almakashi, kamar yadda nake wa zabbi, kada su gudu."

Musaddiq ya ɗaga kwandon. Sun cure wuri guda suna haki, fukafukansu guntaye. Wata biyu suna tsallake mutuwa, sai ga mai taimako ya zo!

"Kawu, tashinsu fa nake jira."

Kawu ya ɓata rai. Ya ce yaran yanzu ba su san alheri ba, da wani ne da tuni suna cikin miya.

Mayar da su ba zai yiwu ba: babu ciyawa, babu fiffike, uwar ta gudu. Da Kawu ya tashi tafiya, Musaddiq bai raka shi ko zaure ba. Ya ɗauki galma ya zagaya bayan ɗaki, yana saran ƙasa da ƙarfi, yana haƙa musu ramin ruwa.