Gayya a Gonar Mushe Fadilu

A shekarar 2019, sa'ad da salula ta riga ta shiga kowane aljihu a Gure, mutum uku suka ƙulla fada a zauren Mushe Fadilu (Mushe ake ce wa malamin boko a can), tsohon daraktan lakwal, wato makaranta, da ya daɗe da ajiye alli. Kowannensu yana da takardarsa ta mako-mako, wadda yake rubutawa ya aika wa masu karatunsa ta Wasap, babu gwamnati a bayansa, babu kamfani. Aisami, Bamange mai bakin ba'a, yana rubutu a kan kasuwar dabbobi. Habsu, ungozoma wadda ta taɓa zama ɗalibar Mushe, tana yi a kan lafiyar mata. Shi kuwa mai zauren, tarihin ƙasar Muniyo ne gonarsa, kuma bai yarda akwai wanda ya fi shi sanin kunyoyinta ba.

Al'adarsu ita ce, ba mai sakin rubutu sai sauran sun karanta. Idan kuma ciwo ya kwantar da ɗaya, sai a yi masa gayya irin ta manoma, wani ya rubuta takardarsa da sunansa domin kada masu karatu su watse. Mushe da kansa ya ƙara sharaɗin cewa ba a tona gayya, ko a cikin fada ko a waje, don kada taimako ya zama abin gori.

Ana nan sai yanar ido ta rufe wa Mushe gani, aka kai shi Damagaram aka yi masa aiki, likita ya hana shi karatu har wani lokaci. Habsu ce ta ɗauki fartanya. Ta yi rubutu a kan farin 1984 da yadda rairayi ya cinye wani kwari na dabino, ta bakin tsofaffin matan da take zama da su a ɗakin haihuwa.

Ranar da ya fara fita masallaci da baƙin tabarau, mutane suka yanyame shi. Wani dillalin raƙuma ya riƙe hannunsa ya ƙi saki.

"Mushe, Allah ya ƙara lafiya! Wallahi takardun nan na bayan nan, uwata ta sa an karanta mata har ta yi kuka. A da ina ajiye naka sai na samu sarari, yanzu kuwa har jira nake. Ashe kai ma ka iya magana kamar mutane!"

Mushe ya yi godiya, domin sharaɗinsa ya ɗaure masa harshe. Da idonsa ya washe, ya zauna ya karanta abin da aka rubuta da sunansa. Ya nemi kuskure kamar mai neman ƙaya a tafin ƙafa, ya kuwa samu: a wuri guda Habsu ta haɗa farin 1973 da na 1984 kamar abu ɗaya. Ya ja layi a ƙarƙashinsa, amma daɗin bai daɗe ba, domin ya lura shi ma ya kai ƙarshen takardar bai ɗaga kai ba.

Ya koma gonarsa da ƙarfi. Ya fitar da takarda a kan yadda aka shata iyakokin mulki a zamanin Faransawa, kowace shekara a mazauninta. Ba wanda ya ce uffan, sai dillalin nan da ya tambaye shi a hanya ko idon ne ya tashi kuma.

A zaman fada na gaba, Aisami ya tsiyaya shayi ya miƙa masa, ya gyara murya.

"Mushe, ni da kai mun wuce ɓoye-ɓoye. Sunanka babbar riga ce, hannun yarinyar nan kuma allura. Ka bar ta ta ci gaba da ɗinki, kai ka riƙa sawa kana zuwa Juma'a. Wa zai sani?"

"Ni zan sani, Bamange. Ka tsaya ga awakinka."

"Awakina dai ana karanta su," in ji Aisami, ya yi dariya ya fita wajen alwala.

Mushe ya juya ga Habsu, wadda ta sunkuyar da kai tana wasa da bakin mayafinta. Ya tuna cewa tun da aka kafa fadar nan yake yi wa rubutunsu ja-ja da gyara, su kuwa kullum amsarsu ɗaya ce idan ya ba su nasa: babu gyara. Ya tura mata takardar iyakokin.

"Ƴata, karanta ki gaya mini abin da ke ciki."

"Baba, ai babu gyara."

"Ban tambaye ki ladabi ba. Na koya miki karatu, yau ina roƙon ki biya ni da shi."

Ta ɗauki takardar ta duba. Da ta buɗe baki, muryarta ƙasa-ƙasa take.

"Baba, shekarun duk suna nan. Mutanen ne ban gani ba. Kai fa kana koyarwa a Bune a 1984, da idonka ka ga abin da ni sai labari na ji, amma ko sau ɗaya ba ka taɓa gaya mana abin da ka gani ba."

"Tun yaushe kuke ganin haka, ke da Aisami?"

"Tun farko, Baba."

Wannan kalma ta fi masa aikin ido zafi. Ashe shekara da shekaru abin da yake ɗauka yabo ne kunya ce kawai, irin wadda ake yi wa tsoho idan ya maimaita labari.

Makon nan bai buɗe littattafansa ba. Ya zauna da hantsi a gindin darbejiyar tsakar gida, ya rubuta labarin Manzo, wani makiyayi da ya koro saniyarsa ta ƙarshe zuwa rijiyar lakwal a shekarar farin, ta durƙusa a nan ta kasa tashi. Manzo ya dube shi ya ce, "Kai da ka yi karatun Nasara, me takardunku suka ce?" Shi kuwa, saurayin malami a lokacin, ya bayyana masa cewa an yi irin wannan a 1913, an kuma yi a 1973, ƙasa ta farfaɗo. Manzo ya saurara har ƙarshe, sannan ya cire igiyar daga wuyan saniyar, ya naɗe ta a kafaɗa, ya nufi kudu. Mushe ya nemi watan da abin ya faru a ƙwaƙwalwarsa, ya rasa. Karo na farko a rayuwarsa, ya rubuta cewa bai tuna ba.

Aisami yana garin Gamu wajen kasuwa, saboda haka Habsu kaɗai ta karanta kafin a saki. Ta soke masa sakin layi guda, ya haɗiye ya yarda. Takardar ta zaga har ƴan Gure mazauna Yamai suna aiko da saƙo.

Da Aisami ya dawo, tun daga ƙofar zaure yake tafa hannu. Ya zauna kusa da Mushe, ya rage murya.

"Ashe tsoho yana jin shawara! Na karanta a mota. Hannun yarinyar nan ba ya ɓoyuwa. Har da wai ba ta tuna watan ba! Kai da za ka mutu kafin ka rubuta haka."

"Ni na rubuta, Aisami."

"Baba ne ya rubuta, Kawu, wallahi," in ji Habsu.

Aisami ya dubi wannan, ya dubi wancan, ya kashe ido ɗaya.

"Madalla, haka ake so. Ba a tona gayya, ko a cikin fada. Ban ji kome ba, ban ce kome ba."

Mushe Fadilu ya buɗe baki, ya ga duk rantsuwar da zai yi ita ce rantsuwar da mai rufa asiri zai yi. Ya karɓi kofin da aka miƙo masa, ya riƙe shi har shayin ya huce, yana sauraron Aisami yana yaba wa Habsu wurin da Manzo ya naɗe igiya.